Gawayin Kawu da Agogona: Kwana Biyar Tsakanin Wurno, Rabah da Goronyo

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ana sallame salla muka ɗauki hanya, ni da wani abokin aikina wanda motarsa ce ta kai mu. Yau kwananmu huɗu da dawowa, kuma tun ranar nake juya wannan rubutu a raina, in yi ko in yi shiru. Ku da kuke bibiyata a wannan shafi kun saba in na dawo daga tafiya in zuba muku hotunan kifi da labarin direbobi. Wannan karon ba haka ba ne. Abin kunya na tafka, kuma gara ku ji shi daga bakina.

Bari in faɗa muku abin da ya kai mu. Ni malamin lissafi ne a wata kwaleji. Akwai wata ƙungiyar manoman shinkafa da take da injinan casa a wuri uku, Wurno da Rabah da Goronyo, kowane wuri inji uku a ƙarƙashin rumfa ɗaya. Kowane wuri kuma da irin yadda ake jiran inji. A Wurno layi ɗaya ne, a ba ka kati mai lamba, duk injin da ya gama sai a kira na gaba. A Rabah kowane inji da layinsa, ka zaɓi wanda ya yi maka. A Goronyo kuwa babu layi babu kati, wani dattijo ne yake zama a bakin rumfa da guntun gawayi a hannu, shi yake faɗin wanda za a yi wa yanzu da wanda zai dakata. Ƙungiya tana son ta mai da tsarin ya zama ɗaya ko'ina, shi ne shugabanta ya nemi in je in auna musu. Damuwarsu ba tsawon jiran kansa ba ce. Abin da yake kawo rigima shi ne wani ya zo ya tafi nan take, wani kuma ya wuni. Aikina ke nan, in gano a wane tsari jiran mutane ya fi zama kusa da juna, a wane tsari kuma ya fi warwatsuwa. Wanda ya fi kyau ya zauna, sauran biyun a soke su.

Tau, dattijon nan mai gawayi kawuna ne, yayan mahaifiyata ciki ɗaya. Shi ya riƙa goya ni a keke daga gefen Giyawa zuwa makaranta lokacin da nake ɗan mitsitsi, kuma har gemuna ya fara fari bai taɓa kirana da wani suna ba sai Auta. Tun da aka gama dam ɗin Goronyo, ruwa ya fara isa gonaki da rani, aka kafa injinan nan, shi yake wannan aiki. In aka soke tsarinsa, shi aka soke. Na san da haka sarai. Abokina ya tuna mini a mota, ni kuwa na gyara zama na ce masa lissafi bai san kawu ba. Har da murmushi na faɗa, wallahi, ina jin kaina wani babban adali.

Hanya da sauƙi har Achida, in ka ɗauke ramuka da shingayen jami'an tsaro. Shingayen ba mu yi ƙorafinsu ba, kowa ya san halin rashin tsaro da gabashin jiha yake ciki, mu ma mun ƙudurta magariba ba za ta same mu a hanya ba ko sau ɗaya. A Achida muka tsaya muka sha kunu da ƙosai mai zafi. Mai ƙosan ta dube ni sama da ƙasa, ga allon rubutu a hammata, ga agogo a hannu, ga wani agogon na gudu rataye a wuya irin na alƙalin wasa, ta ce, "Malam, ƙidaya za a yi muna ko ƙwallo?" Abokina ya yi dariya har kunu ya sarƙe shi. Daga nan motocin albasa muka yi ta karo da su, an labta musu kaya har sun karkace, 'yan kamasho zaune a can ƙololuwa kamar ba su da iyali.

Wurno tun kafin ka shige ta hancinka zai gaya maka ka iso, tafarnuwa ce ko'ina, an shanya, an ɗaure, an jibge. Abokina ya tambayi kuɗin ƙulli ɗaya, da aka faɗa masa sai ya ce ashe duk shekarun nan cutarsa ake yi a birni. Muka fara zuwa hubbare muka yi ziyara, sannan 'yan kabu-kabu suka nuna mana rumfar inji a bayan gari. Aikin ba wuya. Mutum ya sauke buhun shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓuntu ba, in rubuta lokaci. An gama masa ya ɗaure buhu, in sake rubuta lokaci. Layin Wurno ya burge ni. Mutane a jere cikin rana, kowa riƙe da katinsa, kowa na jan buhunsa gaba kaɗan-kaɗan, ɓuntu na tashi yana shiga ido da wuyan riga. Doka ɗaya ce, in aka kira lambarka ba ka nan, ta mutu.

Da hantsi wani abu ya faru da ya kamata in tsaya a kansa. Wani dogon mutum, saura mutum uku a zo kansa, yana ta ɗaga kai yana duban rana. Sai ga wani a kan babur ya tsaya ya ƙwala masa kira, "An sako ruwa!" Mutumin ya dubi inji, ya dubi katin hannunsa, ya yi tsaki ya jefar da shi, ya ɗora buhunsa a kan jaki ya tafi yana faɗa shi kaɗai. Na ji maganar da kunnena, amma ban saurare ta ba. Abin da na gani kawai shi ne layi a takardata mai lokacin zuwa babu lokacin gamawa. Na ɗauki jan biro na soke shi. Kafin la'asar na soke irinsa da dama. Abokina ya ce anya kuwa? Na ce masa wanda bai kammala ba ba ya shiga lissafi, ta ina zan auna jiran da ba shi da ƙarshe? Da na haɗa sauran da yamma, sai ga lambobi sun fito tsaf, kusan kowa jiransa ɗaya da na ɗan'uwansa. Na ji daɗi ƙwarai, don haka littafi ya ce za a gani.

Washegari muka nufi Rabah. Hanyar can ta fi ba mu wahala, akwai inda kwalta ta ƙare gaba ɗaya muka koma bin sawun motoci, abokina na salati duk lokacin da ƙasan mota ya daki dutse. Amma mun sha fura da nono a bakin wata mararraba wadda har yanzu ina jin ɗanɗanonta, nono mai kauri wanda ba a yi wa baftisma da ruwa ba, kuma da rana wani malamin firamare ya sauke mu da tuwon shinkafa da miyar sure, wato yakuwa. A rumfar Rabah abin ya zama kamar wasan kwaikwayo. Layi uku, kowa na leƙen na maƙwabcinsa. Wani ɗan kasuwa ya zo da buhuna cike da a-kori-kura ya toshe inji ɗaya, duk waɗanda suke bayansa suka maƙale, na layin gefe kuwa suna ta wucewa suna musu sannu. Wata tsohuwa ta sauya layi sau uku, duk wanda ta koma sai ya tsaya cik, daga ƙarshe ta zauna a kan buhunta ta ce ita ta daina, duk injin da ya ji tausayinta ya zo ya same ta. Lambobin Rabah sun warwatse fiye da na Wurno, kamar yadda na zata. Na kwanta a ranar ina ganin aikin ya riga ya ƙare, Goronyo cika sharaɗi ce kawai.

Wanda bai taɓa zuwa Goronyo da rani ba zai sha mamaki. Kana tafe cikin ƙasa busasshiya, zafi na dukan rufin mota, sai kawai ka ga kore shar har iyakar ganinka, shinkafa da albasa da alkama, kanal na ratsa su, injinan ban-ruwa na ta kuka. Rudun albasa, wato rumbunan ajiyarta, jere a bakin hanya, masu kifi na ɗaga manyan tarwaɗa suna kaɗa mana. Muna isa rumfa Kawu ya hango ni, ya miƙe da kyar don gwiwa ta fara ba shi matsala, ya ce, "Auta! Kai na? Marhabin, marhabin. Ya kab baro Inna taka?" Ya riga ya shimfiɗa mini tabarma kusa da kujerarsa, har da buta da ƙwaryar ruwan randa.

Na ƙi zama a tabarmar. Ku ji fa. Na ce masa aikin ba ya son in kusanci kowa, kada a ce na yi son kai. Na ɗauki allona na koma can ƙarƙashin wata bedi, wato darbejiya, inda nake ganin kowane buhu amma ba na jin ko kalma ɗaya ta abin da ake faɗa. Kawu ya sa aka kai mini ruwan can.

Daga inda nake ga abin da na gani. Mutum zai sauke buhu, Kawu ya dubi fuskarsa, ya faɗi wata 'yar magana, ya ja zane da gawayi a jikin buhun, wani zane ɗaya, wani biyu, wani uku. Sai mutumin ya hau babur ko jakinsa ya tafi abinsa, ya bar buhun jingine. Ni kuwa tunda buhu na nan, agogona na tafiya. Wani mutumin ƙauyen Boyekai mai jan rawani ya sauke kayansa da sassafe, ba a yi masa ba sai bayan la'asar. Ana cikin haka da hantsi sai ga wani dattijo cikin farar riga wankakkiya da ta sha guga, ya zo da buhu ɗaya a ƙafa. Kawu na ganinsa ya miƙe da kansa, ya karɓi buhun, ya shige da shi wajen mai inji, ko minti goma ba a yi ba dattijon ya fito ya tafi. Ga buhuna birjik da suka riga shi zuwa. Na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan, raina na cewa, na kama ka Kawu. Kuma abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne, daɗi na ji a lokacin.

Bayan la'asar shugaban ƙungiya ya tara 'yan kwamiti a bakin rumfar, mutanen da suka fito masallaci su ma suka zazzauna. Ya ce in ɗan faɗa musu abin da na gani, rahoto ya biyo baya. Da na ce a bari sai na rubuta, da an wuce wurin. Amma ga taro, ga ni ga allo, bakina ya ƙi rufuwa. Na yi bayanin Wurno, na yi na Rabah, har aka yi dariyar tsohuwar nan. Sannan na ce a duk wuraren uku babu inda jira ya warwatse kamar Goronyo, daga minti goma har kusan wuni guda, kuma wannan ba rashin sa'a ba ne irin na Rabah, hannun mutum ne. Na ce in babu doka sai ganin dama, dole sanayya ta shigo. Kalmar da na ƙi zama a tabarma don gudunta, ita na ɗauka na jefi Kawu da ita a gaban jama'a, na ce son kai ne. Ban tsaya nan ba. Na waiga na ga dattijon nan mai farar riga a zaune cikin mutane, na nuna shi da biro na ce, "Ga misali nan. Baba, ba kai ne aka yi wa cikin minti goma ɗazu ba?"

Dattijon ya sunkuyar da kai, ya daɗe a haka, sannan ya laluɓi takalmansa ya sa, ya miƙe ya tafi ba tare da ya dubi kowa ba. Shugaba ya juya ga Kawu ya ce, "Tau, kai mi kac ce?" Kawu ya dubi bayan dattijon har ya sha kwana, sannan ya ce, "Ba ni da abin hwaɗi. Malam ya auna." Ya ajiye guntun gawayinsa a kan kujera, ya naɗe tabarmar da ya shimfiɗa mini, ya tafi gida. Ban lura a lokacin da sunan da ya kira ni da shi ba. A gidansa muka kwana, an kawo mana tuwo da kifi kamar yadda aka saba, sai dai bai fito mun ci tare ba.

Shugaba mutum ne mai zafin nama, ya ce tunda ga ni a gari, a gwada kati tun gobe ina tsaye. Da safe aka yanka kwali aka rubuta lambobi, aka jera mutane layi ɗaya, aka karanta musu dokar Wurno. Na tsaya a gefe da agogona ina jin kaina kamar wanda ya kawo wa gari lantarki. Har hantsi lafiya lau. Daga nan sai na ga layin ya fara motsi, mutane na ɗaga kai suna duban rana, irin duban da dogon mutumin Wurno ya yi. Sai ga mai jan rawanin Boyekai ya iso da wani buhun, aka miƙa masa kati, ya juya shi gaba da baya, ya nemi Kawu da sunan da suke kiransa da shi, ya ce, "Ina Tsoho?" Aka nuna masa ni, aka ce ga wanda ya kawo sabon tsari, har ma ya tsaya maka jiya don an bar ka ka wuni.

Mutumin ya tako har gabana. Ya ce, "Malam, wa ac ce ma na wuni? Ni jiya ruwanmu na. Tun swahe anka buɗe muna ƙohwa har la'asar, in kar rasa shi sai bayan kwanakki, shinkahwa ko ba ta san haƙuri ba. Tsoho ya san ranar kowa. Yac ce in tai in yi ban-ruwa in dawo bayan la'asar, nid dawo nit tarar ana zuba tawa. Ko zama ban yi ba. Buhu dai yaw wuni, ni ban wuni ba." Ya ɗaga katin ya ce, "Yau ma ina da sauran ruwa. Wanga abu shi ka tsare min layi?"

Kafin in buɗe baki wani ya ƙwala kira daga bakin hanya cewa an sako ruwa. Mutum biyar ko shida suka fice daga layi a tare, suna jan buhunansu, wasu na zagi ƙasa-ƙasa. Hannuna da kansa ya kai ga jan biro don in soke su. A nan na tsaya, biro a sama. Innalillahi. A Wurno duk wanda ruwa ya kira ya ɗauke buhunsa, na goge shi daga lissafi, shi ya sa lambobin suka yi kyau, don na zubar da duk waɗanda tsarin ya cuta. A Goronyo wanda ruwa ya kira ya bar buhunsa ya tafi gonarsa hankali kwance, ni kuma na zauna ƙarƙashin bedi ina ƙirga wa buhu awoyi ina kiransu jira. Zanen gawayin nan lokaci ne, ɗaya hantsi, biyu bayan azahar, uku bayan la'asar. Da na zauna a tabarmar da aka shimfiɗa mini, da na ji wannan tun a buhu na farko.

Saura dattijon minti goma, wanda ko a nan ba zan kama sunansa ba. Na shiga wajen mai inji, wani magidanci da ɓuntu ya mai da gashin idonsa fari, na tambaye shi. Ya kashe inji, ya dube ni kamar zai ƙi magana, sannan ya rage murya ya ce, "Kai da ka auna lokaci, ba ka auna buhun ba? Kwano biyu na ciki, sauran duk tsumma na anka cusa don buhu shi tashi. Wa ka kawo kwano biyu ga inji in ba wanda tukunyatai ka bisa wuta ba? Mutumen ga da gonatai da girmanai, ambaliya tac cinye mai komi bara. Tsoho ba ya bari buhunai shi taɓa ƙasa, don kowa yad ɗaga shi ya gane." Ya kunna injinsa ya juya mini baya.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Ashe jiya Kawu yana da amsar da za ta wanke shi tas a gaban kowa, jimla ɗaya ce, amma faɗinta tona asirin wani ne, sai ya zaɓi ya ɗauki sunan mai son kai daga bakin ɗan ƙanwarsa ya tafi gida da shi.

Na cire agogon wuyana na cusa a aljihu, na nufi gidan Kawu. Na same shi a zaure yana tsinke tafarnuwa. Na durƙusa na fara ba shi haƙuri. Bai ɗago ba. Ya ce, "Yanzu ina da aiki. Ka dawo bayan la'asar." Na fito na zauna a dakalin ƙofar gida. Ba ni da gona, ba ni da ruwan da zan tara, ba ni da inda zan sa kaina. Abokina ya kawo mini soyayyen kifi na kasa ci. Masu wucewa na gaishe ni da ladabi, kuma kowace gaisuwa sai na ji ta kamar mari. A duk kwanakin da na yi ina auna jira a Goronyo, ina jin ni kaɗai ne na yi jira na gaskiya.

Ana sallame la'asar, ko addu'a ba a gama shafawa ba, ya aiko in shigo. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Ni ba komi, na yahe. Amma inda kab ɓata, can za ka gyara. Kuma ka ji, kada ka kuskura ka hwaɗi dalilin mutumen ga. Ka ce ka yi kure, shi ke nan." Haka aka yi. Na sa aka sake tara mutane a wuri ɗaya da na jiya, na tsaya na ce lissafina ne ya karkace, ba Kawu ba, na bayyana yadda na soke mutanen Wurno na kuma ƙirga wa buhunan Goronyo lokaci, na janye kalmar da na faɗa. Wani daga baya ya ce, "To shi na minti goma hwa?" Na ce a nan ma ni ne na yi kuskure. Na ga wasu ba su gamsu ba, kuma ba ni da abin da zan ƙara musu. Shugaba ya ɗauko gawayin da kansa ya kai wa Kawu har gida. Dattijon mai farar riga bai zo taron ba. Na je ƙofar gidansa na yi sallama, aka ce ba ya nan, amma ina tsaye ina jin ƙarar turmi daga ciki, ana casar shinkafa da hannu.

Rana ta biyar na zauna a tabarma kusa da kujerar Kawu har azahar, na auna abin da ya kamata in auna tun farko, wato tazarar da ke tsakanin lokacin da ya ce wa mutum ya dawo da lokacin da aka zuba masa. Kusan babu tazarar. Rabin wuni ba ya isa a yanke hukunci, na kuma rubuta wa ƙungiya haka, na ce na Wurno ma sai an sake shi an lissafa da waɗanda suka bar layi, kuma kada a taɓa tsarin kowa kafin nan. Amma wani abu na lura da shi a wannan safiya. Duk wanda Kawu ya sa gaba, sai ya ɗaga murya ya faɗi dalili, wane daga nesa yake, wane ruwansu da azahar ne. Mai inji ya ce tun da yake bai taɓa jin Tsoho yana ba da hanzari ba sai yau. Da za mu tafi ya sa aka saka mana shinkafa da tafarnuwa a but ɗin mota, ya raka mu har bakin mota yana ɗingishi, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah shi kiyaye hanya, Malam."

Mun iso Sakkwato kafin magariba, abokina bai kunna rediyo ba tun daga Achida. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya shige ni. Kafin ka danna agogo, ka tambayi mutane mene ne jira a wurinsu, ka kuma dubi waɗanda ka soke da jan biro, don sau da yawa amsar tana tare da su. Lissafin da na karkatar na gyara shi cikin rabin wuni. Dattijon da na nuna da biro kuwa har na baro garin bai sake kawo buhu rumfa ba, kuma babu wani gwaji da na sani da zai dawo da shi.

Na shiga gida na sauke wa Inna tsarabarta. Tana zaune a kan darduma, ta dafa buhun shinkafar tana sa wa yayanta albarka, sannan ta ɗago ta dube ni ta ce, "Auta, Kawunka ya bugo waya tun ɗazu, yac ce in gaya mai in Malam ya iso lahiya. Nic ce mai wane Malam kuma? Sai yay yi sallama. Kai da wa kunka taho?"